Takardar da Na Kai Gidan Makoki

Na haura arba'in lokacin da kwaɗayin digiri na uku ya kama ni. Ina koyar da aikin gona a wata kwaleji a Kazaure, kuma gaskiya na gaji da ganin waɗanda na koyar suna dawowa ana ce musu Dokta, ni kuwa ina nan a Malam. Sai wani abokin aiki ya nuna min jami'ar da ke ba da digirin koyar da aikin gona daga nesa. Ba sai mutum ya bar aikinsa ba, darasi ta kwamfuta, lokaci-lokaci ka je a ga fuskarka. Na ce wannan ai don ni aka yi shi.

Na haɗa komai, saura shaidar malamin da ya taɓa duba bincikena. Wanda ya duba na digiri na biyu ya bar ƙasar, ba ya amsa saƙo. Sai tsohon malamina na digirin farko, wanda ya yi ritaya ya koma ƙauyensu a bayan Gwiwa. Rabona da shi har na manta, lambarsa ma ta bi tsohuwar wayata. Ga shi a ƙarshen makon za a rufe karɓar takardu. Na zauna na rubuta shaidar da kaina, na yabi kaina son raina, na bar masa wurin sa hannu. Na naɗe ta a leda saboda damina ce, na cusa a aljihu, na hau babur.

Ina shan kwanar gidansa na hango tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, ga dattawa a jere, ga butoci. Nan na gane zaman makoki ake. Komawa ba ta yiwuwa, don an riga an ɗago ana kallona. Na kafe babur, na cire takalmi, na durƙusa na ɗaga hannu na yi addu'a. Na ce Allah ya jiƙan rai, ya ba da haƙuri, alhali ban san ran wa nake nufi ba.

Daga bakin na kusa da ni na tsinci cewa matar Malam ce ta rasu, kuma ranar ce sadakar uku. Matar nan tuwonta na ci ba adadi ina ɗalibi. In na kai babin bincike gidansu, ba ta barina in tafi sai na ci, kuma ita ke ce wa Malam ya daina yi min jan biro haka, yaro ne.

Malam ya rame, idonsa ya faɗa. Ya daɗe yana dubana kafin ya gane ni, sai ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi. Duk wanda ya zo sai ya nuna ni, ya ce ɗalibinsa ne, tun daga Kazaure, ko aika masa ba a yi ba. Ya ce cikin duk waɗanda ya koyar ni kaɗai na tako, kuma marigayiya dama ta sha cewa yaron nan ɗan halak ne. Dattawa suka yi ta sa min albarka. Ni kuwa ledar nan sai ƙara take a aljihuna duk motsin da na yi. Ruwan da aka ba ni ma ajiye shi na yi a gefe don kunya.

Na ƙudura ba zan ce komai ba. Bayan la'asar na yi sallama, Malam ya dage sai ya raka ni. Muna tafe ina tura babur, har muka kai bakin gonar geronsa, yana ba ni labarin jinyar. Da ya tsaya zai juya sai na tuna ranar rufewa, na tuna sai baɗi kuma. Bakina ya buɗe da kansa. Na fara da cewa ba lokacinsa ba ne, na san ba lokacinsa ba ne, sannan na zaro ledar.

Ya karɓa ya warware ledar. Ya ɗauko tabarau ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, a hankali, kamar yadda yake karanta babin bincikena a da. Na so ƙasa ta tsage in shige. Bai gyara ko kalma ɗaya ba. Ya karɓi biro, ya ɗora takardar a kan kujerar babur ya sa hannu, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Na durƙusa ina godiya, ina neman yadda zan ce ya yafe min. Ya ninke takardar ya mayar da ita cikin ledar da kansa.

"Mayar da ita aljihu," ya ce. "Kuma ka bi ta bayan gari, kada wani ya gani. Na riga na faɗa musu don marigayiya ka zo."