Ranar da Kakata Ta Manta Haddarta

Jiya motar albasa ta wuce ni a hanyar Gesse, warin ya bugi hancina, sai ga kakata a raina da kwandonta a ka.

A Argungu muka zauna, mu 'yan tsirarun Kirista a tsakiyar maƙwabta Musulmi masu su da noman fadama. Kakata sai da ta tsufa ta bi babana coci. Ba ta iya karatu ba, amma akwai dokar da ba ta taɓa karyawa: ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Ko gaisuwar mara lafiya za ta, sai ta ƙulla albasa ko tiyar shinkafa.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai, a yi mata baftisma kafin ta mutu. Sau ɗaya a shekara, da bazara in ruwan gulbi ya ja baya, wani tsohon fasto yake zuwa daga Birnin Kebbi. Shi da dattawan ikilisiya sukan yi wa masu neman baftisma tambayoyi, wanda ya amsa a kai shi ruwa. Shekara biyu a jere kakata tana shiga, baki ya ƙi buɗuwa, a ce ta ƙara koyo. A ta uku ƙafafunta sun fara kumbura, kuma kowa a gidan ya san abin da ake tsoro, ko da ba a faɗa.

Ni aka ɗora wa koya mata, don ina 'yar shekara goma sha ɗaya kuma hadda ba ta ba ni wuya. Kaina fa ya fashe. Kullum da la'asar tana yanke ganyen albasa, ina tsaye a kanta kamar hedimasta. Amsar da ta fi ba mu wahala gajeriya ce: mutum yana samun karɓuwa wurin Allah ta bangaskiya ga Almasihu, alheri ne, ba ladan aikinsa ba. Ta maimaita sau goma, gobe ta goge tas.

Na daɗe ina mamaki, matar da ta san gadon albasar kowa a fadama ta kasa riƙe layi biyu? Wata rana ta ajiye wuƙa ta dube ni.

"Ke ɗiyar ga, wanga zance bai shiga kaina ba. Ko hakimi ba a tahiya wurinai hannu sake, balle Allah."

Ashe ba mantuwa ba ce, gardama take yi. Ni ma tambayar ta kama ni. In kyauta ne, sharar cocin da take yi duk Asabar ta mece ce? Na tambayi babana, ya ce in bar shi ya ji labarai a rediyo.

Ranar tambayoyi kakata ta cika kwando da albasa mafi kyau don fasto. Wani dattijo ya tare ta a ƙofa, ya ce ba a shiga da kaya, kada a ce an sayi baki. Ta shiga tana murza hannuwa kamar wadda aka tuɓe wa zane. Ni aka bar ni in zauna kusa da ita saboda ƙafar.

Fasto ya ce, "Inna, in kin tsaya gaban Allah, mi za ki nuna mishi don shi karɓe ki?"

Na taɓa ta da gwiwa. Ta ci gaba da murza hannuwa. Na ji kamar in nutse don kunya. Can sai hawaye suka zubo mata.

"Baba Fasto, abin da yarinyar ga tak koya min duk ya tahi. Kayana ma an amshe bakin ƙohwa. Ban da komi. In Yesu bai tsaya min ba, to na halaka."

Dattijon nan ya fara girgiza kai, fasto ya ɗaga masa hannu.

"Shekara biyu amsar ga muka jira," in ji shi.

Gaskiya haushi ya kama ni, don ko kalma ɗaya tawa babu a ciki. Washegari maza biyu suka riƙe ta har cikin gulbi, masunta a kwalekwale suka tsaya suna kallo. Ta fito tana tari tana dariya. Kafin damina ta ƙare muka binne ta.

Yanzu cocinmu na da kwarmin baftisma na siminti, ni ce kuma ke koyar da ajin. Yara na karanta amsar a waya, su kawo ta ba tuntuɓe, in ba su maki. Amma in na durƙusa addu'a, sai in kama kaina ina jera wa Allah shekarun da na yi a zumuntar mata da marayun da na riƙe. Kakata sau ɗaya ta faɗi amsar, tana kuka. Ni shekara ashirin ina koyar da ita, har yau ban iya ba.