Ranar da Na Kai Ayan Maƙera

Can shekarun baya, wata ranar kasuwar Talata Mafara, na fita sayen takalmi na dawo gida da wani abu daban. Ina ratsawa ta layin masu gyaran rediyo sai idona ya sauka kan wani mutum a rumfarsa. Yana riƙe da wani ƙarfe mai tsini, igiyar lantarki na reto a bayansa, ya ɗora bakin ƙarfen kan wata siririyar wayar dalma. Dalmar ta narke, ta dunƙule, ta yi ƙyalli kamar azurfa, wani ɗan hayaƙi mai ƙamshin ƙaro ya tashi. Kafin in ƙifta ido ta daskare, wayoyi biyu da suka rabu sun koma ɗaya. Ina nan tsaye baki buɗe har sai da wani mai baro ya ce in ba shi hanya.

A lokacin littattafan soyayya sun gama da ni. Haya nake karɓo su a bakin tasha, in zauna a shagon yayana inda nake tsare masa kaya, in yi ta karatu har mai sayen sabulu ya gaji da sallama. Komai na gani sai na ƙulla masa labari. Don haka da na ga wayoyin nan sun haɗu, abin da na ce a raina shi ne, ashe a duniya akwai abin da ke haɗa waɗanda suka rabu. Na tambayi sunan ƙarfen, aka ce mini ayan. Nan take na fasa takalmi.

Mai kayan lantarki ya baje mini su iri-iri, daga siriri kamar biro har zuwa wani ƙato mai kaurin rodi. Ya tambaye ni aikin da zan yi da shi. Ni kaina ban sani ba. Na nuna ƙaton, domin a duk littattafan da na karanta jarumin dogo ne mai faɗin ƙirji, ban taɓa ganin inda siriri ya tafi da yarinya ba.

Na fara da tocila da ta mutu, da wayar fanka, da duk abin da maƙwabta suka yar. Idan an kawo wuta sai in jona ayan in bar shi a jone, don ba wanda ya san lokacin da za a ɗauke. Haka zai wuni yana gasuwa ko ina aiki ko ina karatu. Ba a jima ba bakinsa ya yi baƙi ƙirin. Idan na kanga masa dalma sai ta dunƙule ta gangare kamar ruwa a ganyen gwaza. Abin ya ɗaure mini kai. Zafi dai yana nan, don ya sha ƙona ni, to me ya sa suka daina shiri da dalma?

Ana cikin haka, a watan Sha'aban, na je garin Dakko gai da gwaggona, yayar mahaifina. Yanar ido ta rufe mata gani tun da daɗewa, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna gidajensu. Abokiyar zamanta wata tsohuwar rediyo ce, kullum tana kan cinyarta. A 'yan kwanakin rediyon ta fara ɗauke magana, sai an mare ta take dawowa. 'Yan uwa sun yi sun yi su saya mata sabuwa, ta ƙi. Ni kuwa tuni na gama rubuta labarin a kaina: marigayi ne ya kawo mata ita suna amarci, duk lokacin da ta murɗa ta muryarsa take nema.

Sunan kakanmu nake da shi, don haka Babana take ce mini. Bayan mun gama gaisawa, ta tambayi kowa da kowa har akuyar gidanmu, sai ta ce, "Babana, an ce ka koyi ɗinkin waya."

"Ana dai taɓawa, Gwaggo."

"To ga ta nan. Amma ka ji, kar ka kai min ita kasuwa, hannunka kaɗai na yarda da shi. Kuma in ji muryarta kahin a ga wata. Tafsiri bai taɓa wuce ni ba."

Na karɓa da hannu biyu kamar an ba ni amanar zuciya. Sai da na hau babur na tuna ayan ɗina ba ya kama dalma.

A wajenmu duk ƙarfen da ya dakushe hanyarsa ɗaya ce. Lauje ne, fartanya ce, wuƙar fawa ce, maƙera ake kai shi. Ban ma tsaya tunani ba. Akwai wani maƙeri abokin mahaifina a bayan kasuwa, na kwance bakin ayan na kai masa. Ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, wanga mi na? Mashi na ko basilla?" Na yi masa bayani. Ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne, ya ɗauko magagari.

Baƙin ya fita, fari ya bayyana. Ya ƙara gogawa, sai ga ja. Ya tsaya cak.

"Kai, matso ka gani. Wanga jan ƙarfe na aka yi ma riga."

Muka haɗa kai muna kallo. Ya ce shi dai ya san ana shafa wa ƙarfen banza launi don a ruɗi mai saye, amma a ɗauki jan ƙarfe mai daraja a ɓoye shi cikin farar riga, bai taɓa gani ba. Muka yi ta tufka da warwara, a ƙarshe muka yanke cewa masu ƙera shi ne ba su san darajar abin da ke hannunsu ba. Ya tuɓe masa rigar kakaf, ya fiƙe shi ya yi tsini, ya miƙo mini yana walƙiya.

Kuma fa ya yi aiki! Dalma ta lafe a jikinsa, na yi ta murna. Bayan 'yan kwanaki ina gwaji da shi sai na ga rami a tsinin, kamar haƙorin da tsutsa ta ci. Na koma maƙera aka goge. Ramin ya dawo, na sake komawa. Kullum yana gajarcewa. A zuwana na ƙarshe maƙerin ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Ɗana, gaya min tsakani da Allah, tauna shi kaka yi?"

Abin da ya rage wani guntu ne mai kaurin babban yatsa, azumi kuma ya ƙarato. Na ce bari in yi da abin da ke hannu. Na buɗe rediyon, na gano ciwon da kaina: dalmar da ke riƙe da ƙafar abin ƙara murya ce ta tsage. Na ɗora mata guntun nan mai zafin tsiya. Dalmar ta ƙi gudana, na ƙara dannawa, na ƙara jira. Wari ya tashi. Da na ɗaga hannu sai na ga wani siririn layin jan ƙarfe, wanda ke manne a jikin allon rediyon, ya ɓamɓaro ya nannaɗe kamar gashin da wuta ta lasa. Na sa batir, shiru. Na mare ta irin marin Gwaggo, shiru. Da tana ɗauke magana ne, yanzu na kashe ta gaba ɗaya.

Na yi tunanin neman irinta in musanya, sai na tuna yadda yatsun Gwaggo ke bin jikinta. Kasuwa kuma an hana ni. Washegari da safe na naɗe ta a zane na nufi garin Kaya, wajen wani abokina malamin makaranta wanda shi ma yake da wannan cuta ta buɗe kayan lantarki.

Da ya ji labarin sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. "Maƙera! Mutumina, mi ya hana ka wuce da shi wajen wanzami a yi mai ƙaho?" Da ya nutsu sai ya jawo wani gwangwani cike da bakunan ayan da suka mutu. Nasa ne. Shi da reza da samfefa ya kashe su, kafin ya gane. Ya ce jan ƙarfen shi ke ɗauko zafi, amma narkakkiyar dalma cinye shi take kamar yadda ruwa ke cinye gishiri, shi ya sa ake yi masa rigar. Baƙin da ya tayar mini da hankali kuwa ƙuna ce kawai ta barin sa a wuta baki a bushe. Ya jiƙa soso ya matse, ya goga bakin nasa ayan, ya shafa masa dalma, nan da nan ya yi fari tas. Ya ce haka ake yi kafin aiki da tsakiyar aiki, idan an gama kuma a bar masa dalma a baki kafin a cire shi daga wuta. Nasa ɗan siriri ne, da batirin sola yake aiki. Ya ce ƙaton nawa na liƙin gwangwani ne da manyan wayoyi, ba na cikin rediyo ba.

Na tura masa rediyon. Ya turo mini abata.

"Ba hannunka kaɗai ta ce ba?"

Ya ba ni wani mataccen allo na yi ta gwaji har aka kira azahar. Kullum faɗansa ɗaya: "Taɓa ka ɗaga. Gaisuwar surukai za ka yi, ba zaman hira ba." Bayan salla ya zaro silin waya ɗaya daga cikin wata tsohuwar igiya, ya nuna mini inda layin ya taso da inda ya nufa. Na ɗora silin, na taɓa wannan gefe, na taɓa wancan. Dalmar ta kwanta tana ƙyalli. Muka sa batir. Sai ga muryar wani mutum yana cigiyar saniya. Ban taɓa jin daɗin ɓatan saniyar wani ba sai ranar.

Ana gobe za a duba wata na isa Dakko. Gwaggo ta shafa rediyon gaba da baya, ta murɗa sau ɗaya, ta faɗa kan tasharta ba lalube. Ta sa mini albarka har na ji kunya. Ganin ranta ya yi fari, sai na kasa riƙe tambayar da ke cina. Na sassauta murya irin ta littafi na ce, "Gwaggo, marigayi ne ya kawo miki ita, ko? Shi ya sa ba kya iya rabuwa da ita."

Ta fashe da dariya.

"Wa? Allah ya jiƙan shi, ko batir bai taɓa sawo min ba. Tunkiyata na sayar na saye ta. In ya taɓa ta ma faɗa muka yi. Babana, wagga yatsuna sun san ta. In an kawo sabuwa, wa zai zauna yana nuna min inda tasha take?"

Na koma Mafara ina ta juya maganar a kan babur. Labarin da na ƙulla ya fi nata daɗi, amma nata ne ya faru.

Har yau ina wannan aiki idan na samu sarari, don nishaɗi kawai. Ayan biyu gare ni, siriri na cikin rediyo da ƙato na manyan wayoyi, da soso a murfin kwalba. Ban sake kai ko ɗaya maƙera ba. Abin da ya zauna mini shi ne, kafin in goge abu yanzu nakan tsaya in tambayi dalilin da ya sa aka yi shi haka. Littattafan kuwa ban daina ba, sai dai na rage liƙa wa mutane su.

Bayan wasu shekaru aka kai Gwaggo Sakkwato aka cire mata yanar idon. Da ta dawo gida ta ga rediyon, duk ta koɗe, an ɗaure ta da robar taya, eriyarta guntuwar wayar keke, sai ta riƙe haɓa. "Wagga ta nika runguma duk shekarun nan? Kuma ba wanda ya gaya min?" A makon ta sa aka sawo mata sabuwa, ja, mai fitila a goshi. Tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai, tasha kuwa sai wadda ta ga dama. Kwanaki na kira ta, na tambaye ta ya rediyo.

"Lahiya lau take, shi na matsalar," in ji ta. "Ba ta lalacewa, kai kuma ba ka zuwa."