Layin da Aka Ce Ba Shi da Amfani

Ranar da aka kawo Malama Zuwaira daga Sérou ba za ta fita raina ba. Wataƙila na rikita wasu kalmomin, don abin ya ɗan kwana biyu, amma fushin yana nan.

Lokacin ina wata na huɗu a wani ƙaramin kamfani a Parakou, kusa da kasuwar Arzèkè. Mu muka rubuta manhajar wayar da wata ƙungiyar manoma ta Djougou ke rajistar masu karɓar irin masara da ita. Don wanda ba ɗan sana'a ba: muna da wata manhaja mai duba rubutunmu, ta nuna inda muka kauce wa tsari. Da, nuni kawai take yi. Sai Shef Idrisu, shugaban sashenmu, ya ce lokaci ya yi da za ta riƙa gyarawa da kanta.

Ni aka ba tsara yadda za a yi. Na rubuta cewa a fara da daidaita layuka, kada ta goge komai sai mutum ya duba. Amma a wurin taro da rabin murya na ce:

"Shef, ina ganin kamar wataƙila..."

"Ƙanena, kai komai wataƙila! Tu as peur de tout, komai tsoro yake ba ka. Kunna duka."

Na kunna. Ta goge duk layin da ta ga kamar ba a amfani da shi. Ɗaya cikinsu shi ke sa waya ta adana sunaye idan babu rezo, wato sabis ɗin waya. Mun gwada a biro, wato ofishinmu, inda rezo ba ya yankewa, komai lafiya. Ba wanda ya kashe rezo ya gwada, har ni. Haka muka tura wa ƙungiyar manhajar.

Zuwaira ita ke rajista a ƙauyukan Sérou, inda sai an hau tudu ake samun rezo. Kwana uku tana yawo a babur, waya na ce mata an adana. Ranar rabon iri, ko suna ɗaya nata babu. Ƙungiya ta ce ba ta fita aiki ba, za a sallame ta. Sakatarensu ya kawo ta biro don mu tabbatar.

Ta dire wayar a teburina. "Malam, kai ka haɗa wannan abin? Sau biyu na faɗi cikin laka, a ce ina gida ina barci?"

Shef ya ce, "Madam, manhajarmu ba ta ɓatar da suna."

Ya faɗi haka bai ko taɓa wayar ba. Na ɗauki wayar na kashe rezo, na rubuta sunan Shef, na adana, na sake kunna rezo. Sunan ya ɓace a gaban kowa.

Ba a sallame ta ba. Amma manomanta sun yi shuka a makare, kuma a sanina har yau ba wanda ya ba ta haƙuri sai ni.

Yanzu ana shirin faɗaɗa gyaran nan zuwa sauran manhajojinmu. Ban ƙi ba, yana rage wahala. Na dai rubuta ƙarara na sa hannu: ba gogewa sai da idon mutum, ba fitarwa sai an gwada babu rezo. Na koyi cewa mu masu zama biro mun fi saurin zargin na ƙauye a kan zargin aikinmu, kuma gargaɗin da aka yi da rabin murya bai kare kowa ba.

Waɗanda suke wurin, musamman Malama Zuwaira, idan na ƙara ko na rage, ku aiko min in gyara.