Littafin Sallama Mai Sunan Baffa

Shekara kusan talatin na yi ina da yaƙinin cewa mahaifina bai je yaƙin Bama ba. Na ɗauka yayansa ne ya je, shi kuwa ya ari labarin.

Ni ɗan tsufansa ne. Na tashi a gidanmu na Tudun Wada a Gusau ina jin yadda aka ɗauke su a jirgin ƙasa daga Kaduna zuwa Ikko, yadda jirgin ruwa ya sa su amai har Indiya, da yadda suka riƙa ɗaukar kaya a ka cikin kurmin da alfadari ba ya iya ratsawa. Ina jami'a na buɗe akwatinsa na ƙarfe, na ga littafin sallama daga soja. Sunan da ke jiki na Baffa ne, yayansa, wanda ya rasu a Kwatarkwashi tun ina yaro. Na tambayi mahaifina, da irin muryar mai sabon ilimi, dalilin da ba sunansa ba ne. Ya dube ni, ya ce, "To, Malam, ai kai ka iya karatu." Bai ƙara ba ni labarin yaƙi ba har ya rasu. Ni kuma duk sa'ad da na maimaita wa 'ya'yana, sai in fara da "wai".

Bara wani aiki ya kai ni Kaduna, na shiga inda ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati, da nufin gano inda Baffa ya bi. Kwana uku na yi ina nema da lambar sojan da ke jikin littafin kafin wani dattijon ma'aikaci ya kawo mini kundin. Garuruwan suna nan a jere kamar yadda na saba ji, har da asibitin da zazzaɓi ya kwantar da mai lambar. Amma a shafin farko, inda ake siffanta sabon kurtu, an rubuta cewa gajere ne, kuma ba shi da kan ƙaramin yatsansa na hagu. Baffa dogo ne, yatsunsa cikakku. Wannan guntun yatsa kuwa na san shi, na mahaifina ne, lauje ne ya cire kansa, da shi ake riƙe hannuna zuwa masallacin Juma'a.

Na wuce Tsafe wurin Gwaggo, ƙanwarsu, ita kaɗai ta rage. Na fara karanta mata, ta katse ni.

"Wanga abu har sai ka je Kaduna? Hakimi ya ce kowane gari ya kawo mutum, dagaci ya rubuta Yaya. Matar Yaya na da tsohon ciki, ga gero bai nuna ba. Da aka kira sunan, ubanka yat tashi ya amsa. Har ya dawo, da sunan Yaya ake kiran shi."

Na ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Wa ka tambaya? Takarda ka tambaya, ɗan boko." Ta yi dariya, ta tura mini kwanon fura.

Har yanzu ina tambayar kaina abin da ya hana shi faɗa mini da bakinsa. Wataƙila faɗin zai zama gori ga yayansa da ke kabari. Wataƙila kuma ya ga ban zo don in ji ba.

Littafin yana wurina yanzu. Idan ina ba 'ya'yana labarin, na daina cewa "wai".