Sunan da ban kira ba a tashar Kharkiv

Ranar Laraba na dama kunu da ƙarfe bakwai, kamar kullum. Malam ya sha a tsaye, yana duba takardunsa na karatun likita. Nana, ɗiyarmu mai wata goma sha huɗu, ta riƙe masa ƙafar wando. Bai ɗauke ta ba. 'Yar fari ce, shi kuma mutumin Damagaram ne. Ya taho da kunyarsa har ƙasar Yukren, inda babu surukin da zai gan shi. Ni ma ban fi shi ba. Shekara uku da aure, ban taɓa faɗin sunansa ba. Malam nake ce masa.

Alhamis da asuba muka ji ƙarar bam ta farko, yaƙi ya fara. Tagogi suka girgiza. Kwana biyar muka yi a ɗakin ƙarƙashin bene. Rana ta shida na hau sama dafa ruwa. Ƙarfe takwas da 'yan mintoci wani abu ya faɗo bayan gidan. Gilashin taga ya zube cikin tukunya. Ban yi kuka ba. Na goya Nana, na ɗauki fasfo ɗinmu uku.

Ƙarfe goma muka kai tashar jirgin ƙasa. Sojoji suna tsawa: "Mata da yara! Maza, baya!" Malam ya tura ni. "Shiga!" Na shiga jirgin, shi ya juya.

Mai tsaron ƙofar ta ga goyona. Ta ɗaga yatsa ɗaya, ta nuna waje: ƙarin mutum guda zai iya shiga. Ina ganin ƙeyar Malam, taku bakwai ne tsakaninmu. Na ce, "Malam!" Ɗalibai biyu 'yan Najeriya suka waiwayo. Shi bai ji ba. Sunansa yana bakina. Na sake cewa Malam. Sha biyu da minti arba'in ƙofar ta rufe.

Da la'asar ya kira, ya ce ya sami bas. Daga nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Kwana biyu muka yi kafin mu kai ƙasar Hangari. Wasu mutanen ƙauye suka sauke mu mako biyar. Kowace yamma yaransu kan ruga wurin ubansu suna "apa, apa". Matar gidan ta ce mini uba ke nan da harshensu, tsohuwar kalma ce daga bakin jarirai, kamar baba a wurinmu. In naka ne sai ka ce "apám". Nana tana saurare. Ita ce kalmarta ta farko.

Daga can muka zo Faransa, ɗakin kawuna a Montreuil. A ofishin takardu na Bobigny wata ma'aikaciya ta tambayi sunan mijina. Na tura mata fasfonsa. Ta ce da baki take so. Na faɗa. Ya fito ba wuya, gaɓa biyu kacal. Ta rubuta, ta kira na bayana.

Yanzu muna Bron, ina aiki a wani ɗakin gwaji na jami'a. Nana tana karatu a lakwal, Faransanci take yi har ta gyara mini nawa. Wani lokaci takan buɗe fasfon Malam, ta ɗora yatsa a hoton, ta ce apa. Ban gyara mata ba. Ba ta taɓa cewa Baba ba, shi kuma bai ji ko ɗaya ba.