Buhun Zoɓon da Ya Ƙi Ɗaguwa

Sana'ata ɗinkin buhu ce. Shekaru da yawa na yi a bakin kasuwar Maigatari da basilla da zare, ina rufe bakin buhunan zoɓo da riɗi da gero. Ina kuma da ɗan sito da muka gada daga mahaifinmu, ɗaki ɗaya mai ƙofar kwano, inda fatake ke barin kayansu daga wannan Alhamis zuwa waccan.

Ajiya a wurinmu tana da doka, ko da ba a rubuta ta ba. Mutum ya kawo kaya ya ce amana, sai ka ce Allah ya tsare, ka nuna masa kusurwa. Ba ka tambayar abin da ke ciki, ba ka buɗewa. Tambayar ma cin fuska ce. Haka na ga mahaifinmu yana yi, haka nake yi.

Wata Alhamis a tsakiyar bazara, bayan azahar, wani baƙo ya zo da buhu huɗu a amalanken shanu. Dogo ne, mai sanyin murya, Hausarsa irin ta tsallaken iyaka. Na taɓa ganinsa a kasuwa sau biyu ko uku, amma ban san garinsu ba. Ya ce zoɓo ne, kamyon, wato babbar motar da za ta ɗauka, bai iso ba, zai dawo mako mai zuwa. Shi da mai amalanken suka shigar da kayan da kansu. Na miƙa hannu zan taya su, ya ce in zauna, baƙo ba ya wahalar da mai masauki. Har na ji daɗin ladabinsa.

Ni mutum ne mai yawan waswasi. In na kulle ƙofa sai na koma na ja kwaɗon sau uku. Ran Asabar da safe na tuna cewa gara ta taɓa fitowa a kusurwar nan, kuma ban sa katako a ƙarƙashin buhunan ba. Na ce kada kayan mutum su lalace a hannuna. Na nemo katako biyu, na kama kunnen buhun farko zan ja.

Bai motsa ba.

Duk wanda ya taɓa aikin zoɓo ya san busasshen zoɓo ba shi da nauyi. Buhu ya cika fam, amma da hannu ɗaya kake juya shi. Wannan kuwa kamar an dasa shi a ƙasa. Na danna gefensa da tafin hannu, zoɓon ya yi ƙaras-ƙaras ya lotsa, sai hannuna ya tsaya a kan wani abu dogo mai tauri.

Na fita na zauna a bakin ƙofa. Na ce wa kaina ƙila kayan injin ban ruwa ne. Na ce ba ruwana. Amma a rediyo kullum ana faɗa mana cewa bindigogin da ake kashe mutane da su a yankin yamma ba a ƙasar nan ake ƙera su ba, daga ƙasashe masu nisa suke fitowa, su ratso hamada, su shigo ta iyakoki irin tamu a cikin kayan da ba wanda zai zarga. Kuma a layinmu akwai wata mata mai sayar da ƙosai da ta gudo daga can da 'ya'ya uku. Ba ta taɓa gaya mana yadda mijinta ya mutu ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Na koma ciki, na tura ƙofa, na sa reza na yanke zaren. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na buɗe amanar wani. Zoɓon sama bai fi zurfin kamu ɗaya ba. A ƙarƙashinsa tsohon bargo ne, an ɗaure da robar taya, yana warin baƙin mai. Na ɗaga gefen bargon kaɗan. Bakin bindiga na gani, har uku, irin wadda ke kafaɗar sojoji.

Ban san lokacin da na mayar da zoɓon ba. Na ɗauko basilla na ɗinke buhun, na kulle sito, na tafi gidan yayana da ke sayar da hatsi a bayan tasha.

Na same shi yana shan koko. Da ya ga fuskata ya yi dariya.

"To, sarkin tsoro, yau kuma me ya faru? Kwaɗon ne ya yi maka magana?"

"Yaya, taso mu je ka gani."

"In ɓera ne, ni ba kyanwa ba ce."

Amma ya taso. A sito na gaya masa komai a hankali, bakina kusa da kunnensa. Ya durƙusa ya duba buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan na farko.

"Wa ya ɗinke wannan?"

"Ni."

"Na ga kai ne. Duk Maigatari ma za ta ga kai ne."

Sai a lokacin na duba. Sauran buhu ukun ɗinkin gaggawa ne, da shuɗin zare irin wanda ba a sayarwa a kasuwarmu. Nawa kuwa farin zare ne, kuma hannuna ya yi abin da ya saba: in yi ɗinki uku in ƙulla, in yi uku in ƙulla, sannan in dawo in giciya. Ni kaɗai nake haka, don tsoron kada buhu ya kwance a hanya. 'Yan dako har tsokanata suke yi, suna cewa buhuna sai da wuƙa.

Na ce zan warware in sake. Yaya ya ce da wane zare? Shuɗin na yanka shi gutsi-gutsi. In kuma na shiga kasuwa ina cigiyar shuɗin zare, na sanar da kowa ke nan. Na ce mu je wurin hukuma. Ya ce, "Su zo su tarar da bindiga a sitonka, da ɗinkinka a bakin buhu? Wa za ka ce ya kawo? Ka san sunansa?"

Ban sani ba. Amana ba a tambayarta suna.

Muka juya buhun, bakinsa ya fuskanci bango. Kwana biyar ɗin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Babur ya tsaya a ƙofar gida, sai in leƙa in ga ko wane ne. Maiɗakina ta zaci zazzaɓi ne, ta dafa mini ganyen darbejiya, na sha ban musa ba. A masallaci ina sallah ina lissafin wanne ya fi girman laifi, buɗe amanar ko rufe bakina.

Ran Alhamis da hantsi baƙon ya zo. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi. Ya shiga ya juya buhun da ƙafa ɗaya da hannu biyu, ya ɗora babban yatsansa a kan ɗinkin, ya bi shi daga wannan kunne zuwa wancan.

"Maigida, hannunka yana da kyau."

Na ce, "Gara ce... na ga kamar zaren ya..."

"Babu komai. Ai gara mugun abu ce." Ya yi murmushi. "Gidanka ne mai bishiyar kurna a ƙofa, ko? Na ga 'yan mata biyu suna wasa, Allah ya raya su."

Na ce amin.

Aka loda kayan. Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce tunda yanzu mun san juna, mako mai zuwa buhu shida zai kawo, kuma ni zan ɗinke su.

Ranar ban ɗinka ko buhu ɗaya ba. Da la'asar na koma wurin Yaya na ce masa ba zan iya ba, ko za a ɗaure ni. Sai ya ce, "Yaran dai su fara barin gari." Washegari bayan sallar Juma'a muka sa maiɗakina da yaran a mota zuwa Gagarawa, gidan iyayenta, muka ce wa maƙwabta tsohuwarta ce ba lafiya. Ran Asabar Yaya ya raka ni wurin mai unguwa, shi kuma ya kai mu wurin jami'an tsaro ta ƙofar baya. Sun yi mini tambayoyi har azahar. Abin da suka fi maimaitawa shi ne me ya sa ban zo tun kayan suna hannuna ba. Na faɗi gaskiya, na ce tsoro. Suka ce in buɗe sito ran kasuwa kamar kullum, kada in waiwaya ko'ina.

Na buɗe. Na zauna da basilla a hannu tun safe, ina kallon kowane amalanke da ya shawo kwana. Wasu mutum biyu da ban sani ba suna zaune a rumfar mai shayi, ban san ko na hukuma ba ne ko nasa. Kasuwa ta ci ta watse, bai zo ba. Alhamis ta gaba ma bai zo ba. Har yau ban san ko kama shi aka yi a hanya, ko wani ne ya tsegunta masa.

A mako na uku na miƙa wa Yaya makullin sito, na ce ya zuba hatsinsa a ciki, ni Gagarawa zan bi iyalina in yi noma. Kafin in hau mota na biya wurin jami'in da ya rubuta bayanina. Na tambaye shi ko an gano buhu huɗun nan da suka riga suka wuce.

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, je ka wurin 'ya'yanka."