Tabarau Da Muka Yi Wa Mama A Ɓoye

A shekarar da na gama kwalejin horon malamai, ni yarinya ce mai yawan shiru da zama a gindin mangwaron gidanmu a Rikoto ina rubuta waƙoƙi. Ni ce auta, don haka ni ce 'yar rakiyar Mama duk inda za ta. A lokacin idonta ya fara gazawa irin na manya, sai ta miƙa hannu da nisa kafin ta karanta Littafi Mai Tsarki, ga shi ita ke karatu a zumuntar mata. Yayana soja ya kai ta Legas aka yi mata aikin ido da hasken leza. Da ta dawo ta tsaya gaban ikilisiya ta ba da shaida cewa ta rabu da tabarau har abada, mata suka yi ta guɗa.

Bayan damina biyu haruffa suka sake dushewa. Mama ta ji kunyar a sani, ta ce in raka ta shagon gwajin ido ranar kasuwa, lokacin da hankalin kowa ke wani wuri. Muna shiga na ga matar da ke rubuta sunaye 'yar majami'armu ce. Mai gwajin ya tambaya ko an taɓa yi wa idon aiki. Na dubi Mama ta sunkuyar da kai, sai na ce ba a taɓa ba, wai ciwon kai ne kawai ya kawo mu. Matar ta ɗago ta dube ni. Mai gwajin ya sa Mama ta leƙa na'ura, lambar tabarau ta fito. Da ya fara sauya gilasai yana tambayar wanne ya fi, ni na riƙa amsawa da sauri don mu fita.

Da aka yi mata tabarau ɗin, a cikin gida kawai take sa shi. Ta ce ƙasa na karkacewa, kanta na sarawa, ni kuma na ce za ta saba. Ta daina karatu a zumunta, ta ce makanta ce ke zuwa. Wata safiya ta fito ɗaki da shi a fuska, ta kuskure matakala, ta faɗi a kan hannunta na dama, wuyan hannun ya karye.

Daga baya wani likitan ido a Sakkwato ya bayyana mana cewa leza na sauya siffar gaban ido, tsakiya daban, gefe daban, don haka lambar na'ura kan kauce. Irin wannan ido sai an bi a hankali, mai shi na faɗin abin da yake gani da bakinsa. Ya gwada ta kusan awa guda, ta karanta har layin ƙasa.

Na koyi cewa tausayi ma yana cutarwa idan ya hana a faɗi gaskiya. 'Yan'uwa, duk wanda aka taɓa yi wa aikin ido, ku faɗa wa mai gwaji tun daga ƙofa, kuma ku bar mai ido ya amsa da kansa. Mama na karatunta yanzu, amma hannun bai koma daidai ba. Ni ke ɗaura mata ɗankwali kowace Lahadi, kuma har yau ba ta taɓa cewa laifina ne ba.